Wuƙa, Tukunya da Ruwa: Yadda Na Koyi Karanta Sunayen Mutanen Aztek

Sana'ata zane ce: tambarin shago, katin biki, hatimin makaranta, duk abin da aka kawo. Neman yadda wasu al'ummu suke mayar da sunan mutum hoto shi ya kai ni ga mutanen Aztek na tsakiyar Meziko, masu magana da harshen Nahuatl, waɗanda tun kafin Sifaniyawa su ci birninsu Tenochtitlan a 1521 suke rubuta sunayen sarakunansu da na garuruwansu da zane. Harshen bai mutu ba, har gobe mutum sama da miliyan ɗaya da rabi na magana da shi a Meziko, amma wannan salon rubutu ya kwanta tuntuni, sai a tsofaffin kundaye. Da kallon hotunan kawai na shiga yi don sha'awa. Daga baya na ce a raina, tun da rubutu ne, ai kamata ya yi in iya karanta shi.

Na fara da Kundin Mendoza, don shi ya fi sauƙin samu a intanet, kuma hotunansa sun fito rangaɗaɗau. An zana shi a birnin Meziko wajajen 1541, shekara ashirin ke nan bayan faɗuwar daular, aka laƙaba masa sunan Antonio de Mendoza, wakilin sarkin Sifaniya na farko a ƙasar. An aika da shi Sifaniya amma bai isa ba, ya faɗa hannun Faransawa, ya bi ta hannun masu tara littattafai har ya ƙare a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford a 1659. Amfaninsa ga mai koyo shi ne marubucin gida, wanda suke kira tlacuilo, ya yi zanensa yadda ya gada, sannan wani ya biyo baya ya rubuta sunayen da bayaninsu da haruffan boko a gefe. Ka ga tambaya da amsa a shafi ɗaya. Na buga shafukan sarakuna a babbar takarda, na sayo takarda mai shara-shara da ake ɗorawa a kwafi zane, na tanadi littafi guda na musamman. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce duk alamar da ban zana da hannuna ba, ban san ta ba.

Kafin zane sai da na gyara bakina. Sifaniyawan ƙarni na 16 ne suka sa wa harshen haruffa, da ƙa'idar rubutunsu na lokacin, saboda haka x ana karanta ta sh, hu ana karanta ta w, z kuwa s ce, cu kafin wasali kw ce. Xochitl, wato fure, Shochitl ne. Sai ƙa'ida ta biyu, wadda in babu ita babu inda za a je: yawancin sunayen abubuwa suna da wutsiya, -tl ko -tli ko -li ko -in, kuma wutsiyar tana faɗuwa idan aka haɗa kalmar da wata a gabanta. Ruwa atl ne, amma a haɗi a kawai ake ji. Dutse tetl, a haɗi te. Garkuwa chimalli, a haɗi chimal. Mai zane yana zana abu ne don gangar jikin kalmar, wutsiya ba ruwansa da ita.

Shafin farko na tarihin, wanda ke nuna kafa Tenochtitlan a 1325, nan na fi daɗewa. A tsakiya ga gaggafa a kan wata bishiyar ƙaya da suke kira nochtli, kewaye da ita mutum goma zaune, sun lulluɓe da farin mayafi. Kowanne akwai siririn layi da ya taso daga kansa ko kafaɗarsa ya tafi ga wani ƙaramin zane. Wannan layin shi ne ke cewa ga sunan mutumin nan. Shugabansu, mai baƙar fuska irin ta malaman addininsu, layinsa ya kai ga dutse da nochtli ya tsiro a kai: te da noch, Tenoch. Wani kuma ƙafa ce kibiya ta soke ta, ƙafa a haɗi xo, kibiya mitl, sunansa Xomimitl. Na kusa da shi ƙafa ce ɗaure da ƙararrawa, coyolli, shi ne Xocoyol. Akwai mai kan tsuntsu da ruwa, Atototl. Da na zo kan mutum biyu sai lissafi ya ƙi fita. Ɗaya tuta ce mai ɗigo-ɗigon fatar damisa, damisa ocelotl, tuta pantli, dole ya zama Ocelopan, amma abin da aka rubuta kusa da shi Acacitli ne. Shi kuma mai kara da kan zomon daji, acatl da citli, an rubuta masa Ocelopan. Mai bayanin ne ya musanya su, kuma masana sun daɗe da lura da haka. Shi da kansa ya yi ƙorafi a shafin ƙarshe cewa kwana goma kacal aka ba shi kafin jiragen ruwa su tashi. Tun daga nan na riƙa ba zanen gaskiya kafin in ba rubutun gefe.

Sarakunan ba su ba ni wuya ba, don sunayensu kamar an yi su ne domin a zana. Acamapichtli hannu ne ya damƙi karare. Huitzilihuitl kan ɗan tsuntsun nan ne mai dogon baki da ke tsotsar ruwan fure, da gashin tsuntsu kewaye. Chimalpopoca garkuwa ce hayaƙi na tashi daga gare ta. Itzcoatl, wanda ya yi mulki daga 1427 zuwa 1440 kuma a zamaninsa aka kafa ƙawancen birane uku da ya zama daular, maciji ne da tsinin itztli jere a gadon bayansa. Itztli wani baƙin dutse ne mai sheƙi da aman wuta ke samarwa, da shi suke yin wuƙa da bakin makami. Axayacatl fuska ce ruwa na gangarowa a kanta. Ahuitzotl wata dabbar ruwa ce, ruwa na bin bayanta har wutsiya.

Moteuczoma ne ya fara taka mini birki. Su biyu ne masu sunan. Na farko, wanda ya hau a 1440, an zana masa kibiya ta soki sararin sama, kuma wannan ba Moteuczoma aka rubuta ba, laƙabinsa ne, Ilhuicamina, mai harbin sama. Na biyu, wanda Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya tarar a 1519, an zana masa kambun sarauta na shuɗin dutse. Sunan yana nufin wanda ya murtuke fuska irin ta sarki, amma babu murtukakkiyar fuska a zanen. Kambu yana tsaye ne a madadin teuctli, basarake, wato gaɓar teuc da ke tsakiyar sunan. Sauran an bar wa mai karatu ya cika, don an san ya san sarkinsa. Ashe marubucin ba ya jin dole sai ya rubuta komai.

Daga nan na koma kan sunayen garuruwa na ɗan lokaci, don a cikinsu ne dabarar sauti ta fi fitowa fili, kuma Kundin Mendoza cike yake da su. Za ka ga barewa da haƙora biyu a maƙale. Ba ana nufin garin barewa mai cizo ba ne. Haƙori tlantli ne, a haɗi tlan, kuma tlan ɗin nan ya yi daidai da ɗafin da ke nufin wuri: Mazatlan, wurin barewa. Tuta tana ba da pan, wato a kan. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne rabin mutum a tsugune, daga ƙugu zuwa ƙasa, da ake liƙa wa bishiya ko dutse. Mazaunai tzintli ne, su kuma suna da ɗafin tzin na ƙaranci da girmamawa. Saboda haka a rubutunsu ɗuwawu ke ɗauke da ladabi, kuma ba alamar kowa ya ga abin kunya a ciki.

Da na koma sunayen mutane da wannan ido, sai na nemi Kundin Vergara, rajistar gidaje da gonaki ta garin Tepetlaoztoc, kusa da Texcoco, daga shekarun 1540, wadda ke ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa a Paris. Marubutan wannan yanki sun fi kowa son rubuta sauti. Akwai talakawa masu suna Itzcoatl a ciki, kamar sarkin, amma wani wurin ba maciji ko kaɗan. Makami ne mai bakin itztli, sai tukunya, sai ruwa. Tukunya comitl ce, tana ba da co. Itz, co, a. Ka karanta su a jere ka ji sunan ya fito. Wani Bafaranshe, Joseph Aubin, ya nuna wannan misali tun 1849, amma aka daɗe ana cewa ai koyi ne da haruffan Turawa, ba asalin rubutun mutanen ba ne. A 2008 masanin Sifaniya Alfonso Lacadena ya kawo hujjar cewa tsarin ɗaya ne ko'ina, na alamar kalma da alamar gaɓa, bambancin kawai wasu marubuta sun fi wasu yawan amfani da gaɓa. Ni dai abin da na gani da idona ya sa na karkata gare shi: haƙora da tutar da ke cikin Kundin Mendoza aiki ɗaya suke yi da tukunyar Tepetlaoztoc. Na buɗe shafi a littafina na jera gaɓoɓin da na tabbatar: ruwa a, wake e, hanya mai sawun ƙafa o, hannu ma, kibiya mi, tukunya co, dutse ko leɓe te.

Inda aikin ya zama aiki shi ne rajistar Huexotzinco ta 1560. Huexotzinco, wanda yau ake kira Huejotzingo a jihar Puebla, ya mara wa Sifaniyawa baya a yaƙin, amma hakan bai hana a lafta masa haraji ba, har majalisar garin ta rubuta wa Sarki Philip na Biyu na Sifaniya wasiƙar koke a wannan shekarar. Rajistar ƙidayar masu biyan haraji ce, ɗaruruwan shafuka, dubban kawuna. Kai kawai ake zanawa, a jere, an kasa su ashirin-ashirin ƙarƙashin mai kula da su, tuta kuma ita ce alamar ashirin. Kusa da kowace fuska ga zanen suna, ga kuma rubutun boko: sunan baftisma irin su Juan, Pedro, Diego, sannan sunan gida. Tsofaffi an ja musu tamoji a kumatu, waɗanda aka yi wa rasuwar abokin zama an ɗiga musu hawaye. Wasu an ƙara musu alamar sana'a. Zanen nan ba na fada ba ne, na ma'aikacin da ke sauri ne, wani lokaci layi uku ko huɗu ne suna gaba ɗaya.

Nan na jawo ƙanwata cikin harkar. Takan rufe rubutun boko da guntun kwali, ta nuna mini zanen, in faɗi suna, ta buɗe. Kan zomo, Tochtli. Kan gaggafa, Cuauhtli. Ɗigon ruwa na saukowa, Quiyauh. Maciji da curin gajimare, Mixcoatl. Abin da ya ƙi mini nakan duba a ƙamus ɗin alamomin Aztek da Stephanie Wood ke jagoranta a Jami'ar Oregon, inda aka yanko alamomi ɗaya-ɗaya aka jera su da bayani, kalmomin kuma in bi su a ƙamus ɗin Alonso de Molina na 1571. Wata rana ta tsaya kan wani zane ta ƙura masa ido.

“Yaya, wannan garkuwa ce ko ƙoƙon bayan kunkuru?”

“Me kika gani?”

“Jiya garkuwa ce sak. Yau ta yi kamar za ta yi tafiya.”

Sunan Yaotl ne, abokin gaba ko mayaƙi, kuma yana cikin sunayen maza da suka fi yawa a rajistar. Garkuwa alamar yaƙi ce, wannan a fili yake. Amma kunkuru a harshen ayotl ne, kusan sauti ɗaya da yaotl, shi ya sa wasu marubutan ke zana garkuwar ta yi kama da bayan kunkuru, ta ba da ma'ana ta kuma ba da sauti a bugu ɗaya. A matsayina na mai zane, wannan ya fi duk macizan sarakuna burge ni. Kuma sunan ba zagi ba ne. Yaotl ɗaya ne daga laƙuban abin bautarsu Tezcatlipoca, kuma da Bernardino de Sahagún, malamin coci ɗan Sifaniya da ya rubuta al'adunsu, ya zo bayanin raɗin suna a littafi na shida na babban kundinsa da ke Florence, Yaotl ya ɗauka a matsayin misalin sunan da ungozoma ke kiran jariri namiji da shi.

Yawan zomo, barewa, maciji, gaggafa da fure a rajistar ya sa dole na koyi kalandarsu ta kwana 260. Alamomin rana ashirin ne, suna juyawa tare da lamba 1 zuwa 13, kowace rana da lambarta da alamarta: Kara Ɗaya, Zomo Biyu, Fure Biyar. Lambar ɗigo-ɗigo ake yi kusa da alamar. Mu da muke da Ɗanladi da Talatu da Jummai ba sai an yi mana dogon bayanin sunan rana ba, sai dai su sun ɗora wa ranar nauyin da ya wuce namu. Iyaye kan je wurin mai duba littafin kwanaki, tonalpouhqui, ya faɗa musu halin ranar. Wanda aka haifa ranar Zomo Biyu, alal misali, ana jin tsoron zai zama mashayi. In ranar ba ta yi kyau ba, sai a ɗaga wankan suna zuwa ranar da ta fi. Kundin Mendoza ya zana bikin kansa: bayan kwana huɗu ungozoma ta fito da jariri tsakar gida, ga kwaryar ruwa a kan shimfiɗar ciyawa, ga ƙaramar garkuwa da kibau ko kayan sana'ar uba in namiji ne, ga tsintsiya da mazari da kwando in mace ce. Yara maza uku na zaune suna cin gasasshiyar masara da wake, su ake sa wa su ɗaga murya su kira sunan. A rajistar 1560 kuwa sau da yawa dabbar ce kawai ba lamba, saboda haka ganin kan zomo bai isa a ce ranar zomo aka haifi mutum ba.

Mata ba su samu rabo mai yawa a waɗannan shafuka ba, don magidanci ake nema, shi ke biyan haraji. Ƙidayoyin da aka rubuta da boko a yankin Cuernavaca wajajen 1540 sun nuna cewa mata da yawa sunan jerin haihuwa suke amsawa: Teyacapan 'yar fari, Tlaco ta tsakiya, Teicuh ƙanwa, Xoco auta. Maza na yawo da gaggafa da damisa da gajimare, mata kuwa gari guda na raba 'yan sunaye ƙalilan.

Sashen da na fi jin daɗinsa shi ne yadda marubutan suka yi da sunayen baƙi. Harshensu ba shi da b, d, f, g, r, saboda haka sai a nemi sautin da ya fi kusa. Mendoza ya zama metl da tozan: tsiron maguey da wata dabba mai haƙa rami a gona, me da toza. Alƙali Alonso de Zorita, a Kundin Osuna, kan salwa aka ba shi, don salwa zolin ce. Pedro de Alvarado, mai jan gashi da ya jagoranci kisan gilla a babban wurin bauta a 1520, ba a wahala da sautin sunansa ba, rana aka zana, saboda laƙabin da suka sa masa shi ne Tonatiuh. Sunayen baftisma kuma aka aro musu alamomin coci, mabuɗi ga Pedro, takobi ga Pablo. Ganin haka na ce bari in gwada da wani suna namu. Amina ya zo da sauƙi: ruwa a, sai kibiya ta soke shi, mina, daidai yadda ta soki sama a Ilhuicamina. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Da na duba ƙamus sai na tarar akwai kalmar amina a harshen, kuma ɓacin ciki take nufi, irin wanda shan ruwa ke jawowa. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Yaya, don Allah kar ka sa wa kowa wannan a katin biki.”

Game da ma'anar alamomin, wadda ita ce mutane suka fi tambayata, ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya. Ma'ana tana nan, amma a cikin sunan take, ba a kowane layi na zanen ba. Nezahualcoyotl na Texcoco, wanda ya rasu a 1472, kan koyote ne, dangin dila, da abin wuya na masu azumi, kuma azumi babban al'amari ne a addininsu. Cuauhtemoc, sarki na ƙarshe, wanda Cortés ya rataye a 1525, gaggafa ce kai ƙasa, wani wurin da sawun ƙafa na gangarowa, kuma gaggafa tsuntsun rana ce da mayaƙa. Waɗannan sunaye ne da iyaye suka zaɓa da nufi. Amma wanda ya ga tukunya a sunan Itzcoatl ya shiga sharhin cewa tukunya alamar wadata ce ko mahaifa, ya bar karatu ya koma tatsuniya. Co ce kawai. Tsarin da nake bi yanzu shi ne in fara kiran sunan kowane abu da ke cikin zanen da harshen Nahuatl, in cire wutsiyoyi, in gwada haɗa su ta kowace fuska tunda ba dole daga hagu ko daga sama ake farawa ba, in ga ko wata alamar maimaita sautin wata take yi don tabbatarwa, sannan a ƙarshe in tambayi abin da sunan ke nufi.

Ko wannan tsari yana da inda yake cijewa, kuma Tizoc ne babban misali. Ya yi mulki daga 1481 zuwa 1486, gajeren mulki maras armashi, ya bar katon dutsen nan mai da'ira da ke gidan tarihin al'adu na birnin Meziko, inda aka sassaƙa shi yana riƙe da gashin kan abokan gaba. A kan dutsen, alamar sunansa ƙafa ce. A wasu kundayen ƙafar na da ɗigo-ɗigo ko an soke ta, a wasu kuma ba ƙafa sam, dutse ne aka huda da tsinke. Masu bin dutse da tsinke suna karanta te da zo, hudawa, suna danganta shi da zubar da jinin kai don ibada. Masu bin ɗigon suna ganin tizatl ne, farin alli, ƙafar kuma xo ce da ke taimaka wa sautin. Marubutan ƙarni na 16 da kansu ba su zana shi iri ɗaya ba, ko rubutun bokon ma wani wuri Tizoc ne, wani wuri Tizocic, wani wuri Tizocicatzin. Na ware masa shafi biyu a littafina, kowane salo da sunan kundin da na samo shi a ƙarƙashinsa.